Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Labarin Motar Yayana

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa idan aka ce wane ya yi sabuwar mota, ba ana nufin ta fito daga kamfani da ledarta ba ne. Zamanin da ma'aikaci ke karɓar bashin mota ya ɗauko Peugeot 504 sabuwa fil daga kamfanin haɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya zama labari. Yanzu sabuwar mota ita ce wadda ta ga jiya ta ga yau a hannun wasu, kuma sunaye uku muke kiran ta da su, kowanne yana nuna hanyar da ta biyo. Tokumbo kalmar Yarbanci ce da ke nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. Beljiyam ta samo asali daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf, inda ake loda motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. Kwatano kuwa sunan birnin nan ne na Jamhuriyar Benin, inda akan sauke su a biyo da su ta Nijar, su shigo mana ta Maraɗi da Jibiya, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017. Akwai kuma aji na huɗu, wato motar da ta gama wahalar Turai, ta zo ta sha wata a titunanmu, sannan aka wanke ta aka fesa mata fenti aka kai ta wurin dillalai. Irin wannan talaka ke iya saye, kuma irinta yayana ya saya.

Mu mutanen Jere ne, ta ƙaramar hukumar Kagarko, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Yayana malamin firamare ne, yana kuma taɓa noman citta kamar mutane da yawa a wannan yanki. Shekara uku yana zubin adashi, ya haɗa da kuɗin busasshiyar cittar da ya sayar, a watan Maris na 2023 ya tafi Kaduna ya dawo da mota ƙirar Japan ta shekarar 2004, mai silinda huɗu da giyar otomatik. Nufinsa idan an tashi daga makaranta, da kuma ranakun Asabar da Lahadi, ya riƙa ɗaukar fasinja, sannan a huta da neman shatar mota duk lokacin da za a kai Inna ganin likita. Dillalin ya ce wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis, mai kawai za a zuba. Gwajin da aka yi bai wuce zagaya unguwa na minti 10 da yamma ba, tafiyar Kaduna zuwa Jere kuma bayan magariba aka yi ta, gari ya yi sanyi. Mota ta iso gida lafiya lau, maƙwabta suka yi ta zuwa sa albarka.

Bayan kwana uku muka kama hanyar Kafanchan don gaida Goggo, ni a gaba, Inna a baya. Wanda ya san wannan hanya, wadda ta bi ta Kagarko da Kwoi, ya san hawa da gangara ce, ga kuma zafin bazara tun ruwan farko bai sauka ba. Mun bar gida da hantsi, esi a kunne, har muka wuce Kagarko babu abin da ya faru. Da yake ba ni ke tuƙi ba, idona na kan allon da ke gaban direba, sai na ga allurar zafi, wadda tun safe take kwance can ƙasa, ta fara ɗagawa a wani dogon hawa. Da muka gangara ta ɗan sauka, a hawa na biyu ta wuce rabi, a na uku ta doshi ja. Sai bayan nan ne Yaya ya taka totur, injin ya yi ƙugi amma mota ta ƙi ƙara gudu, kamar mai gudu a cikin rairayi. Can sai giya ta shiga da ƙarfi, har Inna ta dafe kujera tana salati. Yaya ya gangara gefen titi ƙarƙashin wani mangwaro ya kashe injin. Muna zaune muna jin ruwa na tafasa a cikin bonet kamar tukunyar ɗanwake.

Wani mai babur ya tsaya ya taya mu jaje, ya ce a buɗe murfin lagireto a kwara wa injin ruwan sanyi. Yaya ya yi masa godiya, amma bai taɓa komai ba. Ruwan da ke cikin lagireto a matse yake, shi ya sa yake iya kai wa kusan digiri 120 a ma'aunin Salshiyas bai tafasa ba. Da zarar an murɗe murfin yana da zafi, sai ya yi tsartuwa ya saluɓe wa mutum fuska da hannu. Kan injin irin waɗannan motoci kuma na alminiyam ne, idan aka watsa masa ruwan sanyi yana cikin wannan hali yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Sai da muka yi fiye da awa ɗaya, injin ya huce, sannan Yaya ya sa tsumma ya buɗe, muka ƙara ruwa, muka lallaɓa zuwa Kwoi.

A wani gareji na bakin hanya, kafin Yaya ya gama bayani har an yanke hukunci. Wai gaskit ɗin kan injin ya ƙone, giyabos kuma ya mutu, sai an sayo tof silinda da giyabos na Beljiyam. Da aka yi lissafi, kuɗin ya tasam ma rabin abin da aka sayi motar. Inna ta ce, “Kai dai ka mayar musu da kayansu.” Yaya ya kira dillalin sau huɗu, waya a kashe, an riga an yi sallama, mutum ya ci la'adarsa. Na ga yayana ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi shiru. Na san abin da yake lissafawa, domin kadarar da ta rage masa ita ce irin cittar da ya adana don shukar daminar da ke tafe. Daga baya ya miƙe ya ce, “Ba a yanka rago saboda maganar mutum ɗaya.” Muka jira rana ta yi sanyi, muka kashe esi, muka kunna hita don ta janye zafin injin zuwa cikin mota, muna tafiya muna tsayawa har muka shiga Kafanchan da dare.

Washegari mijin Goggo ya kai mu wurin wani dattijon bakanike. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya, tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, kuma wannan dattijo a hannun tsofaffin ma'aikatan reluwe ya koyi riƙon sifana. Hausarsa irin ta kudancin Kaduna ce, wadda ke haɗa Bajju da Ham da Atyap da Ibo da Bahaushe a kasuwa ɗaya, kuma a cikinta mota namiji ce. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai ko kalli bonet ba. Ya sa aka jawo mana benci, ya dubi Yaya ya ce, “Malam, yaya aka yi?” Yaya ya ce, “Baba, mota ce tana zafi, giya kuma ba ta shiga.” Dattijo ya girgiza kai ya ce, “Wannan ba magana ba ne. Sau ɗaya ya yi zafi, ko kullum yake yi? A tsaye yake yi, ko a guje? Da safe giya yana shiga? Wanne ya fara, allura ko giya?” Yaya ya ce hankalinsa na kan titi, amma ƙanensa ya ga komai. Dattijo ya juyo gare ni ya ce, “To ɗan makaranta, faɗa mini tun daga farko, kada ka tsallake.” Na zayyana masa hawa uku da gangara biyu kamar yadda suka faru. Ya ce, “Allura ne ya fara. To, ruwa ba ya tsami banza.”

Ya kai ɗan'uwana mai nazarin harshe, dubi abin da wannan dattijo ya nema. Bambancin da ke tsakanin ta yi zafi da tana zafi da takan yi zafi, wato shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da lokaci sabau, wanda mu muke haddacewa don jarrabawa, shi a kansa ya ɗora bincikensa gaba ɗaya. Dalili kuwa kowane irin zafi da inda yake nuni. Motar da takan yi zafi a tsaye ko a cunkoso, ta huce idan an kama gudu, fankarta ake tuhuma, domin a guje iskar hanya ce ke yin aikin fanka. Wadda take lafiya a cikin gari amma ta yi zafi a doguwar tafiya ko a hawa, ruwanta ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. Wadda allurarta ke tashi jim kaɗan bayan an tayar da ita, tiyon sama da zafi lagireto kuma da sanyi, tamostat ɗinta ne ya maƙale a rufe. Wadda kuma ke shanye ruwa ba a ga inda yake zuba ba, ita ce ake jin tsoron gaskit ɗinta.

Da gaskit ɗin ya fara, tunda shi ne babbar tuhuma. Injin na da sanyi, ya buɗe lagireto, sai ga ruwa jajaye kamar na kududdufi, amma babu maiƙo a samansa. Ya cika shi har wuya, ya sa yaronsa ya tayar da injin, muka sunkuya muna kallo. Ya ce idan gaskit ya ƙone, iskar da ke cikin silinda za ta riƙa kutsowa cikin ruwa, a ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ba mu ga ko ɗaya ba. Ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna mana bayansa, babu farin dasashi mai kama da madara, wanda ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Ya zagaya bayan mota ya duba salansa, babu farin hayaƙi mai kauri. Ya kwance fulogai huɗu ya jera su a kan kwali, duk launinsu ɗaya, babu wanda ya yi fes kamar an wanke shi da tururi. Ya ce wa Yaya, “Malam, kan injin ka yana nan lafiya. Tsayawan da ka yi ne ya cece shi.”

Daga nan sai asirin motar ya fara tonuwa. Ana murɗa makulli fanka ta kama juyawa, alhali injin bai ko ɗumama ba, wato an yanke wayarta daga na'urar da ke auna zafi an haɗa ta kai tsaye. Aka kwance gidan tamostat, wayam, an cire shi. Robar murfin lagireto ta tsattsage, ba ta iya riƙe matsi, saboda haka ruwan na tafasa tun a wajen digiri 100. Bayan injin ya yi zafi aka kashe shi, aka zare wayar fanka, dattijo ya kama hannuna ya ɗora a fuskar lagireto. Gefe da gefe da zafi, tsakiya kuwa sanyi ƙalau. Siraran bututan da ruwa ke bi sun toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, da kuma irin garin nan da ake zubawa don toshe yoyo. Ashe wanda ya sayar da motar ya san tana zafi, sai ya cire tamostat ya saki fanka, don allura ta kwanta a ƙasa muddin gwajin bai wuce cikin gari ba. Abin da aka ɓoye a titin Kaduna, hawan hanyar Kwoi ya fallasa shi.

Saura giya, kuma nan ne na ga abin da ban taɓa sani ba. Dattijo ya haska tocila a ƙasan lagireto ya nuna mana wasu ƙananan bututai guda biyu da suka fito daga giyabos suka shige cikinsa. A yawancin motoci masu giyar otomatik, man giya yana bi ta wani ɗan bututu da ke nutse a cikin ruwan lagireto don ya huce, sannan ya koma. Wannan mai kuwa ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya, kuma matsinsa ne ke damƙe faifan kulocin da ke ciki idan za a sauya giya. Idan ruwan da ya kamata ya sanyaya shi yana tafasa, sai man ya yi zafi fiye da kima ya tsinke, matsi ya ragu, faifai su riƙa zamewa. Shi ne injin ke ƙugi mota ba ta ja. Shi ya sa da safe giya ke shiga sumul, kuma shi ya sa allura ta riga giya nuna alama. Cuta biyu da aka lissafa mana a hanya, ashe uwa ce da ɗiyarta.

Duk da haka bai wanke giyabos ɗin ba sai da ya ga shaida. Ya ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, injin na aiki, ya zaro gejin man giya ya ɗiga a kan farar takardar da ya yago daga littafina. Ya ce launi uku ake dubawa. Ja garau lafiya ke nan. Ruwan hoda mai kauri kamar an dama da madara na nufin bututun nan na cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga giya, kuma wannan ita ce babbar musiba, domin ruwa na ɓamɓare fatar faifan kuloci. Baƙi mai warin ƙauri kuwa faifan sun riga sun ƙone. Namu ruwan ƙasa ne, ya dafu amma bai ƙone ba. Aka kwance kwanon da ke ƙarƙashin giyabos, maganaɗisun da ke ciki bai kama komai ba sai lallausan toka, babu ɓarɓashin ƙarfe.

Yaron dattijon ma ya kawo tasa gudummawar. Ya jona wata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya haɗa ta da wayarsa. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wannan kafa ta bincike, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, don haka yawancin motocin da ke zuwa mana suna da ita. Na'urar ta nuna kwamfutar motar ta daɗe tana ƙorafin zafi, amma fitilar gargaɗin da ya kamata ta kama a allo ba ta taɓa kamawa ba. Da aka buɗe allon, an zare ƙwan fitilar.

Gyaran ya ɗauki kwana biyu. Aka sa wani lagireto da sabon murfi, aka wanke hanyoyin ruwa, aka zuba ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa maimakon na rijiya, aka mayar da fanka kan na'urarta, aka juye man giya aka sauya matatarsa, aka zuba irin wanda littafin motar ya ambata. A kan tamostat ne kawai aka yi 'yar muhawara. Yaya ya ce, “Baba, ai an ce na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma bukatarsa.” Dattijo ya yi dariya ya ce, “Malam, wanda ya ƙera shi bai san akwai rana ba ne?” An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma tamostat shi ne mai gadin da ke tsare ruwa har injin ya kai wannan zafi, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, injin kan daɗe da sanyi, ya sha mai da yawa, ya kuma ci kansa da wuri. A injuna da dama ma shi ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba, ka ga cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Da aka gama, dattijo da kansa ya ja motar da tsakar rana, esi a kunne, muka nufi Kagoro muka wuce har Manchok muka dawo. Allura ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba, giya na shiga ba a ko ji. Abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lissafin farko ba, kuma ba a taɓa irin citta ba.

Amfanin wannan ya fito ne bayan 'yan watanni. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma a Kachia da Jaba da Kagarko suka tafka asara. Gonar Yaya ba ta tsira ba. A wannan shekara, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga tsadar fetur bayan cire tallafi a watan Mayu, motar nan ce ta riƙe gidanmu, har da kuɗin rajistata na makaranta. Da an bi maganar farko, da an zuba abin da ya rage a kan giyabos ɗin da ba shi da laifi, a kuma haɗa sabon da toshasshen lagireton da zai sake dafa shi.

Saboda haka ga ɗan guzuri ga duk wanda shi ko wani nasa zai sayi irin wannan mota. A je da sassafe a same ta da sanyi, domin motar da aka riga aka ɗumama kafin mai saye ya iso tana iya ɓoye abubuwa. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a tabbata duk fitilun gargaɗi sun kama, a kuma saurara ko fanka ta tashi tun lokacinta bai yi ba. A duba launin ruwa da bayan murfin baƙin mai, a ɗiga man giya a farar takarda a shinshina. Sannan a nemi hawa, da rana, esi a kunne, a yi tafiyar da ba ta gaza rabin awa ba. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aikin da ke jiranmu a gareji. A kwana biyun nan na cika shafi shida da kalmomi: lagireto, totur, salansa, giyabos, da irin su birki da fulogi da kuloci, inda harshe ya saƙala wasali don raba baƙaƙen da ba ya yarda su haɗu a farkon kalma. Ga kuma maganganu irin su injin ya buga, giya na zamewa, mota na shan ruwa, waɗanda kanikawa suka gina da kayan cikin gida ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ya ɗauki littafi da biro ya nemi benci a garejin unguwarsu, ya gaida mai wurin da ladabi, ya zauna ya saurara.